Digiri na biyu a harkar kuɗi ga mai aikin albashi: yadda za ka shiga, da yadda za ka fito da takarda a hannu

Asabar ɗin farko da muka fara lakca, ajinmu sai da aka shigo da ƙarin kujeru. Ma'aikatan banki, akantocin ma'aikatu, ma'aikatan haraji, da wani alhaji mai sayar da atamfa wanda ya ce ya gaji da akantansa yana yi masa Turanci. Kowa da sabon littafi da sabon biro. Zuwa zango na biyu kujerun aro sun koma inda suka fito. Ranar da na je karɓar sakamakona, fuskokin da na sani a kan layi ba su cika tafin hannu biyu ba.

Waɗanda suka zube a hanya ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba, wasunsu sun fi ni ja nesa ba kusa ba. Ɗaya an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Ɗaya ya gano a tsakiyar tafiya cewa takardar da yake nema ba ita ake buƙata a kujerar da yake hari ba. Da yawa kuma sun cinye duk jarrabawa sarai, suka maƙale a kundin bincike. Duk waɗannan ramuka ana hango su tun daga nesa, don haka zan bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda suke zuwa.

Mataki na farko: wace kujera kake hari?

Kada ka sayi fom sai ka iya amsa wannan da jimla guda. "Ina son ƙarin ilimi" ba amsa ba ce. Amsa ita ce irin su: ina so in bar kanta in koma sashen ba da bashi, ina so in zama daraktan kuɗi a ma'aikatarmu, ina so in koma koyarwa a jami'a, ina so in riƙe littattafan kasuwancin gidanmu da kaina. Kowace daga cikinsu da takardarta.

A jami'o'in Najeriya digiri na biyu gida biyu ne, kuma nan ne mutane suka fi yin ɓatan kai. Akwai na bincike, wato M.Sc, a fannin kuɗi ko akanta ko tattalin arziki. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, irin su MBA na tafiyar da kasuwanci da MBF na harkar banki da kuɗi. Na binciken ɗalibansa kaɗan ne, lakcarsa galibi a ranakun aiki ake yi, kundinsa mai nauyi ne, kuma shi ne ƙofar digiri na uku da aikin koyarwa. Na ƙwarewar an tsara shi ne don mai aiki: lakca da yamma ko ƙarshen mako, aji cike, kuɗin makaranta ya fi tsada. Jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar mai MBA kai tsaye zuwa digiri na uku, sai su ce ya koma ya yi M.Sc ko M.Phil tukuna. Na san wanda ya gano haka bayan ya kashe shekara biyu da kuɗin motarsa. Idan zuciyarka tana raya maka a kira ka Dokta wata rana, tun yanzu ka kama hanyar M.Sc.

MBA kuwa faɗi gare shi ba zurfi ba. Za ka taɓa talla, ka taɓa kula da ma'aikata, ka taɓa dabarun shugabanci, sannan ka ɗan karkata zuwa kuɗi a zangon ƙarshe. Ya dace da injiniya ko likita ko lauya da aka ɗora masa kula da kasafin kuɗi, ko ma'aikacin bankin da ke hangen kujerar manaja. Wanda yake so ya iya ƙiyasta darajar kamfani ko ya sarrafa jarin asusun fansho, MBA kaɗai ba zai ƙosar da shi ba.

Ga kuma maganar da makarantu ba za su gaya maka ba: wani lokacin ba digiri kake buƙata ba sam. A layin akantoci, takardar ICAN ko ta ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ta fi digiri na biyu magana da ƙarfi, don ita ke ba ka hurumin sa hannu a matsayin ƙwararre. Ma'aikacin banki yana da CIBN, na haraji yana da CITN, dillalin hannun jari kuma ba ya shiga kasuwa sai da takardar CIS. A harkar sarrafa jari babu kamar CFA, wadda wata cibiya a Amurka ke bayarwa: matakai uku ne, ana ba da shawarar karatun awa 300 ga kowane mataki, sai ka haɗa da awa 4,000 na aikin da ya shafi fannin kafin a ba ka lambar, kuma da dala ake biya. Ka je ka dubi mutum uku da ke zaune a irin kujerar da kake so, ka tambayi takardar da ta kai su can. Amsarsu ta fi duk wata tallar makaranta.

Shawara ɗaya a nan: kada ka haɗa digiri da jarrabawar ƙwararru a shekara guda, ga kuma aiki. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mataki na biyu: zazzage takardunka

Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, digirin farko aƙalla mai daraja ta biyu, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai daraja ta uku, ko mai HND, ko wanda ya karanta abin da ba shi da alaƙa da kuɗi, yawanci sai ya fara yin babbar difloma, wato PGD, shekara guda. Kada ka ɗauke ta faɗuwar daraja. Wanda ya karanta tarihi ko kimiyyar siyasa ya faɗa ajin kuɗi ba tare da ita ba, a makon farko zai ji kamar ana wa'azi da Girkanci.

Cikakken sakamakon karatunka na farko, wanda tsohuwar makarantarka za ta aika kai tsaye, shi ne abin da ya fi cin lokaci. Ka neme shi wata uku ko huɗu kafin a buɗe sayar da fom, ka kuma samu wanda zai riƙa leƙa maka ofishin. In sunanka ya bambanta tsakanin takardu, Muhammad a nan Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta saɓa, ka gyara da rantsuwar kotu yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: izinin wurin aiki, a rubuce

Mutane da yawa suna ɓoye karatunsu, wai kada oga ya sa musu ido. Na fahimci dalilin, amma kuskure ne mai tsada, musamman ga ma'aikacin gwamnati. Takardar da ka samo ba da izini ba, ana iya ƙin saka ta a fayil ɗinka, har ma a tambaye ka da lokacin wa ka yi karatun.

A aikin gwamnati hanya uku ce: hutun karatu da albashi, hutun karatu ba albashi, ko izinin yin karatun wucin gadi kana kan aikinka. Na farkon ya fi daɗi, sai dai yana zuwa da yarjejeniyar cewa za ka dawo ka yi wa ma'aikatar aiki na wasu shekaru, in ka gudu ka biya. Ka rubuta takardar neman izini ta hannun shugaban sashenka tun kafin ka yi rajista, ka maƙala takardar shiga makaranta, ka nuna yadda kos ɗin ya shafi aikin da kake yi. Ka tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafinka, ka adana shi a gida. Alkawarin baki na oga yana tafiya tare da ogan ranar da aka canja shi.

Ka kuma san cewa a aikin gwamnatin tarayya ƙarin girma yana bin shekaru ne da jarrabawa da gurbi: shekara uku tsakanin mataki da mataki daga na 7 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15 zuwa sama. Digiri na biyu ba ya tsallakar da kai wannan layin. Amfaninsa yana fitowa ne lokacin canjin layin aiki, ko lokacin da mutum biyar ke neman kujera ɗaya.

A banki da kamfanoni lamarin daban ne. Ba kasafai ake ba da hutu ba, abin da za ka nema shi ne fahimta. Ka zauna da manajanka da jadawalin makaranta a hannu, ka nuna masa makonnin jarrabawa, ka nemi a raba maka hutun shekararka ya faɗa a kansu. Ka tambaya ko akwai tsarin mayar wa ma'aikaci kuɗin da ya kashe in ya ci jarrabawar ƙwararru, wurare da dama suna da shi, ba sa dai yin shela. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace: akwai alamar za a canja mini reshe cikin shekara biyu masu zuwa? In akwai, ka zaɓi karatun da zai bi ka duk inda ka je.

Mataki na huɗu: wace makaranta?

Ga mai aiki, nisa shi ne farkon abin dubawa, suna ya biyo baya. Makarantar da za ka shiga mota awa uku kowace Juma'a da yamma, ka dawo Lahadi da daddare, ka wayi gari a ofis Litinin, za ta gajiyar da kai kafin zango na biyu, ba a ma maganar halin da hanyoyinmu suke ciki.

A Kano, Jami'ar Bayero tana da makarantar koyon kasuwanci mai ɗauke da sunan Dangote, tana kuma da cibiya ta musamman ta nazarin bankin Musulunci da harkar kuɗi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, baya ga makarantarta ta kasuwanci, tana da cibiyar karatu daga nesa da ke ba da MBA ta intanet. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi, ita ce ta fi dacewa da wanda ake yawan canja wa gari, sai dai tana son mutumin da zai iya tsare kansa ba mai tsare shi. Jami'o'i masu zaman kansu a Abuja ba sa shiga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, kuɗinsu ne mai zafi. Makarantar kasuwanci ta Legas, ƙarƙashin jami'ar Pan-Atlantic, ta yi suna wajen manyan ma'aikatan kamfanoni. Rabin abin da ake saye a can mutanen da za ka zauna da su ne. Ga 'yan'uwanmu na Nijar, baya ga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai CESAG a Dakar, wadda ke da alaƙa da babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa.

Yajin aiki ba wasa ba ne a lissafinka. Na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In an ce maka kos wata goma sha takwas ne a jami'ar gwamnati, ka shirya wa shekara biyu da ɗoriya.

Duk inda ka zaɓa, ka duba cewa hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da makarantar da kuma wannan kos ɗin kansa. Ka guji duk wanda ya ce zai kawo maka digiri cikin 'yan watanni daga tsallaken iyaka. A farkon 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya ɓad da kama ya samo digiri a Kwatano cikin makonni. Mutanen da suka bi wannan hanya, kuɗinsu da mutuncinsu suka tafi tare.

Zuwa waje kuma ya yi nauyi tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023. In kana da wannan burin, ka nemi tallafi. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, yana neman mai aƙalla shekara biyu a bakin aiki, da sharaɗin ka dawo gida shekara biyu bayan ka gama. Ka sani kuma, tun Janairun 2024 ɗalibin da ya je Birtaniya digiri na biyu na zaman aji, ba na bincike ba, a bisa ƙa'ida ba ya tafiya da iyalinsa. Malaman manyan makarantun gwamnati suna da ƙofar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Bari in ɗan ratse kan bankin Musulunci, don tambayar tana yawan zuwa daga masu ƙyamar kuɗin ruwa. Fannin ya wuce labari. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017, an kuma zuba kuɗin a gina hanyoyi. Wuraren nan suna neman wanda ya san murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) da ijara (haya) da mudaraba (jarin wani, aikin wani), ya kuma iya lissafi. Mai son zurfafawa a waje ya dubi jami'ar INCEIF ta Malesiya, wadda babban bankin ƙasar ya kafa, ko takardun AAOIFI ta Bahrain, hukumar da ke tsara ƙa'idojin akanta na bankunan Musulunci. Sai dai kada ka zaci za ka tsere wa lissafin kuɗin ruwa a aji. Ko farashin murabaha ana auna shi ne da abin da kasuwa ke ciki, dole ka fahimci abin da kake kauce wa.

Mataki na biyar: yi wa kanka lissafin da za a koya maka

Kuɗin makaranta da ka gani a takarda ba shi ne kuɗin karatu ba. Ka ƙara fom, kuɗin amsa tayin gurbi, mai ko kuɗin mota na kowane mako, masauki in kana kwana, data, kwamfuta, buga takardu da ɗaure kundi, da abin da kake samu a ranakun Asabar wanda yanzu zai tsaya.

A ce duka sun kama naira miliyan 2, a ce kuma takardar za ta ƙara maka naira dubu 40 a wata. Wata 50 ke nan kafin ka mai da kuɗinka, fiye da shekara huɗu, ba a ma sa hauhawar farashi da ke cin darajar wannan dubu 40 ɗin ba. In kuwa takardar za ta fitar da kai daga wurin da kake zuwa inda albashi ya ninka, lissafin ya juye gaba ɗaya. Shi ya sa amsar mataki na farko take da nauyi.

Wajen biya, ka tara kuɗin shekarar farko cif kafin ka yi rajista. Na shekara ta biyu ka shiga adashi a ofis, ka roƙi a ba ka kwasar da ta yi daidai da watan rajista, ko ka karɓa daga ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata a riƙa cira a albashi. Ka nisanci bashin manhajojin waya. Abin kunya ne ɗalibin harkar kuɗi ya ci bashin da ruwansa na wata ya kai na shekara a wani wurin.

Mataki na shida: wata biyu kafin a fara

Ka karkaɗe ƙurar lissafinka. Abu uku za su yi ta dawowa a kowane kos: darajar kuɗi bisa lokaci, wato dalilin da naira dubu ta yau ta fi ta baɗi, karanta bayanan kuɗin kamfani, da ƙididdiga. Ka sauke rahoton shekara na wani kamfani da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya, na siminti ko na sukari ko na wani banki, ka karanta shi har ka gane inda riba ta fito da inda tsabar kuɗi ta shige. Ka koyi Excel da hannunka, ba da kallo ba. Wanda ya zo da waɗannan, zangon farko zai zame masa bita.

Mataki na bakwai: gida da lokaci

Kafin ka gaya wa abokai, ka gaya wa iyalinka, ka kuma gaya musu gaskiya: Asabar ta tafi, wani lokacin har Lahadi, na tsawon shekara biyu. Za ka rasa ɗaurin aure da suna, za a yi maka ƙorafi a dangi. Ka zaɓi waɗanda ba za su yiwu ka rasa ba, sauran ka bi da waya da gudummawa.

Ni abin da ya fisshe ni shi ne bayan sallar asuba. Awa ɗaya da rabi kullum, kafin yara su tashi, kafin wayar ofis ta fara kuka. Karatun dare bayan an tashi daga banki yaudarar kai ce, shafi ɗaya za ka yi ta maimaitawa har barci ya sace ka. Ka duba kalanda kuma: ƙarshen wata da ƙarshen shekara lokacin rufe littattafai ne ga duk mai aikin kuɗi, in ga azumi ya zo ya haɗu da jarrabawa, sai wanda ya yi karatunsa tun da wuri.

'Yar'uwa mai aure, naki nauyin ya ninka, ba sai an faɗa ba. Ki zauna da maigida a tsara wanda zai riƙe yara da girkin ranakun lakca tun kafin a biya ko sisi. Matan da muka gama tare da su, kusan kowacce akwai wata a bayanta, uwa ko ƙanwa ko uwar miji, da ta ɗauke mata Asabar.

Ka samu abokan karatu uku ko huɗu daga wurare daban-daban. Akanta zai fitar da kai a kos ɗin akanta, ma'aikacin banki ya fitar da shi a na bashi. Ranar da aiki ya hana ka zuwa, su za su kawo maka abin da aka yi. Shekaru bayan haka, labarin guraben aiki ma daga bakinsu yake fara zuwa.

Mataki na takwas: kundin bincike, maƙabartar digiri

Nan ne aka fi zubewa, dalilin kuma mai sauƙi ne. Lokacin lakca akwai jadawali da ke jan ka. Da an gama jarrabawar ƙarshe jadawalin ya ɓace, ofis ya haɗiye Asabar ɗin da ka ƙwato da ƙyar, sai ka ce wata mai zuwa. Wata mai zuwan nan na ga ya zama shekara uku, har wa'adin rajistar mutum ya ƙare.

Ka fara tunanin maudu'i tun zangon farko, ka kuma zaɓe shi ta ƙofar bayanai: me zan iya samu a hannuna? Bayanan sirri na wurin aikinka ba naka ba ne, kada ka gina kundi a kansu. Akwai na fili masu yawa: rahotannin shekara na kamfanonin kasuwar hannun jari, kundin alƙaluma na Babban Bankin Najeriya, rahotannin hukumar inshorar ajiya NDIC, na ofishin kula da basussuka, da na hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Batutuwa ma ga su a gabanka. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su ƙara jari, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na cikin gida, biliyan 50 ga na yanki. An yi irin wannan a 2004 zuwa 2005, lokacin da aka ɗaga jari zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Kwatanta ɓangare guda na waɗannan biyun ya isa kundi. Ka ƙuntata maudu'in: bankuna kaɗan, shekaru ƙididdigaggu, tambaya ɗaya.

Malamin da zai duba aikinka yana da ɗalibai da yawa, ba zai neme ka ba. Ka tambaye shi ranar da yake ganin ɗalibai da yadda yake son a kawo masa aiki, a takarda ko ta imel. Ka riƙa kai babi ɗaya-ɗaya, kada ka tara biyar ka jibge masa. In ya yi gyara, ka koma da tsohon kwafin mai jan bironsa tare da sabon, ya ga ka bi. Ni na ɓata wata huɗu don na yi fushi da gyaran babi na biyu, daga baya na ga duk abin da ya ja wa layi gaskiyarsa ne.

Za a yi maka tayin rubuta maka kundi a biya. A bakin ƙofar kowace jami'a akwai masu wannan sana'a. Makarantu yanzu suna saka aiki a manhajar gano satar rubutu, kuma ko ka tsallake ta, akwai ranar kare kundi, inda malami zai nuna lamba guda a jadawalinka ya ce, "Malam, wannan me take nufi?" In za ka nemi taimako, ka nemi wanda zai zauna da kai ya koya maka manhajar ƙididdiga irin su EViews ko Stata ko SPSS har ka iya sarrafa alƙalumanka da kanka.

Bayan ka kare, kada ka saki jiki. Ka yi gyaran da aka ba ka cikin mako biyu, ka ɗaure, ka bi sa hannun sashe da laburare da ofishin kuɗi ɗaya bayan ɗaya, ka bibiya har majalisar jami'a ta amince da sakamako. Da takardar shaidar sakamako ta shigo hannunka, ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata na wurin aikinka, ka maƙala kwafinta tare da wancan izinin mai hatimi da ka adana a gida tun farko, ka nemi a saka su a fayil ɗinka, ka karɓi shaidar an karɓa.